Gatan da Ke Kashe Mana Kaji a Bazara

Assalamu alaikum. Shugaban wannan zama, wanda ya tare ni tun a bakin ƙofa ya ce in sassauta harshe; likitarmu ta dabbobi; iyayenmu dattawan ƙungiyar masu kiwon kaji; iyaye mata masu kiwo a bayan ɗaki; masu niƙa da dillalai; da ku da kuka tsaya ta taga don kujeru sun ƙare, ina gaishe ku gaisuwar girma.

Na gode da kuka ba ni wannan dama, na kuma gode wa Allah da ya nuna mana saukar ruwa ɗakin kajin gidanmu yana tsaye. Kun san abin da zafin bara ya yi mana. Kullum la'asar da baro muke kwashe mushe. Ranar da muka share ɗakin, Baba ya ce, "In bazara mai zuwa ta maimaita, zan ba mai siminti wurin nan ya yi sito." Ɗakin da ya ciyar da mu, ɗakin da ya yi mana sutura, shi za a cika da buhunan siminti!

Magana ta farko, jama'a: ba zafi kaɗai ke kashe kajin naman nan ba, har da gatanmu. Da kaza ta rage ci sai mu ɗauke ta majinyaciya. A ƙara waken suya, a ƙara garin kifi, wai ta samu ƙarfi. Baba da hannunsa yake zuba ƙari a kan abin da mai niƙa ya haɗa. Ni ban yi dogon karatu ba, amma ba na wuce rubutu ban karanta ba, ko a jikin buhu ne. Abin da na gano shi ne, narkar da furotin, wato sinadarin gina jiki da ke cikin waken da kifin, yana tayar da zafi a jikin kaza fiye da narkar da masara ko mai. Kaza kuwa ba ta gumi, sai haki. Kwanon rufi na gasa ta daga sama, mu muna hura mata wuta daga ciki. Rarar da jiki bai buƙata ta fita a kashi, kaza ta sha ruwa ta ƙara, shimfiɗar ƙasan ɗakin ta jiƙe, warin nan mai sa ido hawaye ya tashi, ita kuma hancinta na dab da shi.

Na faɗi haka a zaman bara, a ɗakin nan. Wani dillali, ga shi can yana gyara hula, ya ce, "Yaro ya karanta waya, ya zo koya wa kaza cin abinci." Aka yi dariya har da tafi. Ban huce ba, ranka ya daɗe, na dai yi alkawarin sassautawa.

Magana ta biyu: a rage furotin, amma kada a rage da ka. Da na kai wa likita haɗin da na tsara, ta ce, "Karatunka daidai, hannunka ne ya yi nauyi. Haka za ka mayar da su 'yan shila." Ita ta daidaita awon. Ragi kaɗan, kuma sai kaji sun tasa, ban da 'yan tsaki. A cike gurbin da garin laisin da metiyonin, sinadaran gina jiki da ake samu a shagon maganin dabbobi, a ɗan sa mai a haɗin. Wanda ya zare wake kawai ya tafi, kada ya ce ni na aike shi.

Baba ya raba ɗakin da raga, ya ce, "Ga rabinka. Ka kashe naka da ilimi, in kashe nawa da jahilci, mu ga wanda zai riga." Zafi ya zo, bai raga wa kowa ba. Nawa ma sun yi haki, na kuma yi asarar 'yan kaɗan. Amma shimfiɗar ɓangarena ta zauna a bushe, kajina suna tashi su ci da yamma, na Baba suna kwance sun baje fukafukai. Wata safiya Umma ta same shi yana ɗiba a buhun haɗina. Ta ce, "Malam, na yaron ne fa." Ya ce, "Na sani. Ɗanɗana musu nake." Ɗanɗanon nan bai tsaya ba har aka sayar da su.

Ta ƙarshe, kada a ce na zo da maganin rana. Ruwa mai sanyi yana nan, buɗe tagogi yana nan, rage cunkoso yana nan, ciyarwa da sassafe da yamma tana nan. Kajina ma ba su fi na kowa nauyi ba. Sun dai kai kasuwa da ransu, mushe kuwa ba ya hawa sikeli.

Yau da safe ina sa takalmi Baba ya leƙo, bai ko dube ni ba, ya ce, "In kun tashi taron surutunku, ka biya wurin mai ƙyanƙyasa ka ji yaushe tsaki za su iso. Na biya kuɗin waɗanda za su cika ɗaki." Wallahi sai da na zauna a bakin ƙofa na sa ya maimaita.

Allah ya sa wa kiwonmu albarka, ya tsare mu daga asara, ya ƙara wa iyayenmu lafiya da haƙuri da bakinmu, ya mayar da kowa gidansa lafiya. Shugaba, a yi mini izini in wuce kafin mai ƙyanƙyasa ya rufe.

Na gode.