Ciwon Haƙorin da Muka Ɗauka Kunya Ce

Assalamu alaikum mai gabatarwa, Allah ya ƙara lafiya. Malama Asabe ce daga Hunkuyi.

'Yata Hadiza ta daɗe ba ta son magana, a makarantar allo ma ba ta ɗaga murya. Kowa yana yabonta da kunya. Da kuncinta ya kumbura, babanta ya ce a kira wanzami ya cire haƙorin, tunda zamanin ostariti ne, kuɗi sun yi wuya. Na lallashe shi muka je asibitin Zariya.

Na zaci ni likita zai tambaya, sai ya juya wajenta. "'Yammata, yaushe rabonki da shan rake?" Ta ce, "Tun bara." "Kina dariya cikin ƙawayenki?" Ta ce, "Rufe baki nake yi, suna cewa yana wari." Ya ce da irin waɗannan amsoshi ake auna yadda ciwo ya takura yaro.

An yi mata magani, yanzu surutunta har ya ishe mu.

To ga 'yar maƙwabciyata ita ma ta yi shiru, ana ta yabonta. Don Allah masu sauraro, yaya uwa za ta bambanta kunya da ciwo? Kuma da wane lafazi zan tunkari maƙwabciyar tawa ba tare da ta ji haushi ba?