Ranar da Na Yi wa Surukina Magana

Ƴan'uwana mata, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu mai ceto. Ni ce Rahila, matar Ishaya, daga Tajaye. Zancen na ɗana Dauda ne, kuma sai da na nemi izininsa. Dariya ya yi, ya ce in faɗa, tunda mata zalla ne.

Dauda ya zo duniya da ƙofar fitsarinsa a ƙasan gaba, ba a kan baki ba, gaban kuma a lanƙwashe. In ya tsuguna, wando da ƙafafu duk sai sun jiƙe. Ni da ubansa muka rufe bakinmu. Yara na tafiya wanka tafki, nawa yana gindin turmi yana kallona. Wanki kam na sha shi, da hawaye a ciki.

Wata rana na kai shi asibitin mishan don zazzaɓi. Wata nas ta duba shi, ta ce ana gyara wannan, akwai likitan da ke zuwa bayan girbi. Amma ta ja mini kunne: kada a yi masa kaciya, don da wannan fatar ce likita zai ɗinka sabuwar hanyar fitsarin.

To ga inda gizo ke saƙar. Surukina, Baba Wanzam, shi ke yi wa yaran garinmu kaciya. Musulmi ne, bai ji daɗin shigarmu Kirista ba, amma Dauda ne hasken idonsa. Ko ƙosai ya saya sai ya rage wa "abokina". Da ɗari ya shigo, Ishaya yana ci-rani a kurmi, sai tsoho ya aiko cewa Dauda ya isa, za a haɗa shi da sa'o'insa a yi musu kaciya.

Kun san mu da surukai. Tun da aka kawo ni gidan, ban taɓa haɗa ido da shi ba, in ya biyo hanya sai in ratse. Yaya zan buɗe baki in yi masa zancen gaban yaro?

Da safen ranar ina jin yana wasa aska a zaure. Na durƙusa kusa da murhu na ce, Yesu, kai ka ba bebe baki, ka ba ni nawa. Na je bayan zana, na tsuguna, na faɗa masa kome, har abin da nas ta ce.

Ƙarar askar ta tsaya. Na ce a raina yau na kashe aurena.

Can sai na ji muryarsa a hankali: "Ɗiyata, duk shekarun ga ke ɗai ka ɗauke da wanga kaya? Ni da aska ga hannuna, da na ɓata jikana ban sani ba."

Ƴan'uwa, ni da ke jiran faɗa, sai ga tsoho yana share ido da rawani!

Da likitan ya zo, Baba da kansa ya ɗaura jaki a amalanke ya kai mu bakin titi muka shiga mota. Ana aikin, yana waje da casbinsa, ni ina gefe da addu'ata. Yaro ya sha kwana da robar fitsari a jiki, ya yi kuka, mu ma mun yi. Ranar da aka cire, kakan ya kai shi bayan ɗaki. Sai ga shi ya dawo da dariya, yana cewa abokinsa ya kusa huda katanga da fitsari. Da muka koma gida ya yanka masa zakara, kamar yadda ake yi wa kowane ɗan kaciya.

Baba ya riga mu gidan gaskiya, amma ya ga Dauda na ninƙaya a tafki da sa'o'insa. Yau Dauda magidanci ne. Makon jiya matarsa ta haifi namiji, aka sa masa sunan Baba. Ina ɗaukarsa ya sako mini fitsari tsaye cak, har ƙirji. Mata na cewa in sake zane, na ce ku bar ni da shi tukuna.

Na gode wa Ubangiji! Ke da ke ɓoye ciwon ɗanki don kunya, ki roƙi Yesu ya ba ki baki, ki kai shi a duba. Wanda ya buɗe nawa yana nan. Amin.