Ungozomar da Take Bin Ayarin Sojoji

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, sannu da aiki. Sunana Yagana, daga Maisandari nake rubuto maka.

Ƙanwata Falmata ta koma garinmu da mijinta bayan an rufe sansanin gudun hijira. Asibitin garin ungozoma ɗaya gare shi, kuma ba ta kwana a can, domin gidan ma'aikata tun da aka ƙone shi ba a sake ginawa ba. Da safe take bin ayarin sojoji daga Maiduguri, ta juyo kafin a rufe hanya da la'asar.

Falmata cikin fari ne. Tun hantsi naƙuda ta kama ta, amma kunyar haihuwar fari ta hana ta faɗa wa surukarta. Tana cije baki tana shara. Ko da aka gane, ungozoma ta tafi. Ta haihu a gida, jini ya ɓalle. Mijinta ya roƙi masu tsaron hanya, suka ce, "Ka yi haƙuri, sai gobe." Falmata ba ta kai goben ba.

Da ungozomar ta zo gaisuwa, kuka ta yi ta yi. Ta ce mini, "Yaya, da ina da ɗaki ko na kwano ne, da na zauna."

Malam, masu sauraro su ba ni shawara: ƙofar wa za mu buga a gina ɗakin nan, a kuma koya wa 'yan matan garin wannan aiki? Jaririyar tana bayana yanzu. Sunan uwarta muka sa mata.