Birkin Jirgin Siminti

A tashar jirgin ƙasa wata mata ta kasa zama, sai leƙen layin dogo take yi. Jirgin siminti ya makara. Wani tsoho, hannunsa duk baƙin mai, ya dube ta.

"Baiwar Allah, zauna. Kan jirgin simintin nan ya tsufa. Ina saurayi aka kawo irinsu, masu shan dizal, suka kori masu kwal. Lokacin ko dutse ka ɗaura musu sai sun ja."

"Yanzu fa, Baba?"

"Wasu sun ƙone, ɗaya ya faɗa kogi, sauran ciyawa ta rufe su. Shi kaɗai ya rage. Kamfanin da ya ƙera su ma ya rufe. In abu ya lalace, a jikin matattun muke cirowa. Jiya ma haka na haɗa masa birki."

Matar ta juyo gare shi. "Maigidana ne ke tuƙa shi. Ga gangara kafin tasha!"

Tsohon ya leƙa layin dogo, yana murza yatsu.

"To kai, Baba, wa kake jira?"

"Ba kowa, 'yata. So nake in ga jirgin ya tsaya."