Fuskar Waliyi Göran

A babbar majami'ar Stockholm, gaban sassaƙen Waliyi Göran mai kashe dodo, na baza kunnuwa yadda na saba. Wata mata ce ta taso wani tsoho a gaba.

"Baba, cinye dodon za ka yi da ido? Matsa mana!"

"'Yar nan, dubi ƙayoyin jikinsa! Ƙahon barewar dajinmu ne. Shekara arba'in ina farauta, bai taɓa firgita ni ba sai yau."

"Ikon Allah! Kamar zai yi numfashi."

"Gobe za a yi mini aikin ido, ko in gani, ko shi ke nan. Ba na hango fuskar waliyin. A tsorace yake?"

Ta ɗaga kai, ta daɗe tana kallon fuskar waliyin.

"Ko kaɗan, Baba. Ko kallon dodon ma ba ya yi."

"Yauwa. Haka zan kwanta wa likitoci gobe."