Faifan da ya yi gadin gero

A tashar Rogo, Malam Mijinyawa na zaune rungume da kwamfutar 'yarsa Zakiyya. Mutumin da ke gefensa ya leƙo.

"Baba, me ya same ta?"

"Ta ƙi tashi, ga yarinyar da jarrabawa. Ta sa faifan ɗora Windos, shi ma ya ƙi."

Mutumin ya karɓi faifan, ya ɗaga shi.

"Ikon Allah! Duk ya ƙoƙe. Wannan kuma ba kashin tsuntsu ba ne?"

Mijinyawa ya sosa ƙeya. "Wani ne ya rataye shi a gona, korar tsuntsaye."

"Wane marar tausayi ne wannan?"

"Sassauta murya, ɗana, ga Zakiyya can tafe. Amma wallahi ko zangarniya ɗaya ba su taɓa mini ba."