Na Ce wa Baba Illo Ina Zuwa

Ƴan'uwana cikin Almasihu, salamar Ubangijinmu Yesu ta zauna tare da ku duka. Amin.

Sunana Rahila, daga Tsibiri. Duk wanda ya san ni ya san ni da zuciya. Tun ina ƙarama Inna take cewa in na fusata ko kaza ba ta gitta gabana, mutane su yi dariya, ni kuma in ji kamar yabo ne. Yau zan faɗa muku abin da zuciyar nan ta jawo. Kuma ku sani tun yanzu, ba shaidar samun aiki na kawo ba. Har yau ban samu ba.

Bara na gama makarantar jinya. Ban yi wata biyu a gida ba wani ƙaramin kilinik a Maraɗi ya ɗauke ni. Shugabar masu jinya, wadda muke kira Majo, mace ce mai tsanani. Dokarta ita ce duk abin da ka yi wa mara lafiya ka rubuta a kaye, wato littafin aiki, kuma ba ka barin wuri sai ka miƙa aiki hannu da hannu. Ni kuwa rubutun nan ya ishe ni.

Akwai wani tsoho, Baba Illo, mai lambu a Jiratawa. Yana da ciwon suga, fartanya ta sare shi a ƙafa, ciwon ya ƙi rufewa. Duk bayan kwana biyu kabu-kabu yake kawo shi in wanke masa. Tsoron asibiti yake, da ƙyar ƴaƴansa suka shawo kansa. Yakan miƙo mini ƙullin zogale ya ce, "Ɗiyata, ke kaɗai na yarda ki taɓa ƙahwar ga."

Wata Talata a ƙarshen damina, masassara ta cika mana wuri da yara. Na kai Baba Illo ɗakin baya, na kwance masa ɗauri, na ce, "Baba, ina zuwa." Na fita in ɗauko auduga da magani a armuwar, kabad ɗin da muke ajiye magani, makullinta yana aljihun farar rigata.

A hanya Majo ta tare ni da kaye a hannu. Na yi wa wata yarinya allura ban rubuta ba, saura kaɗan abokiyar aikina ta sake yi mata. A gaban kowa Majo ta ce, "Rahila, lakkol ɗin taku ba a koya muku rubutu ba ne?" Wata mata ta yi dariya.

Wayyo ni! Gaskiyarta ce fa, amma kaina ya ɗau zafi. Na ɗauki jakata na fice, ban ce wa kowa uffan ba. Sau shida Majo ta kira ni a ranar, na kashe wayar. Na ce a raina, da diflom a hannuna, ina zan rasa aiki?

Wata da watanni ina yawo da dosiye, takarduna na neman aiki. Ba kilinik ɗin da ban taka ba a Maraɗi, har takalmina ya tsinke. Ko'ina tambaya ɗaya ce, ina takardar shaidar wurin da kika yi aiki? Da na gaji sai na fara cewa ban taɓa aiki ba. Ashe masu jinya na garin nan duk sun san juna. Wani majo ya dubi sunana, ya dube ni, ya ce, "Ke ce wadda ta fita da makulli?" Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ga abin da ya fi ba ni kunya. Da kuka tambaye ni a zumunta, na ce ana hana ni aiki ne saboda ni Kirista ce. Ƙarya ce, ƴan'uwa. Wasunku har azumi kuka yi mini a kan ƙaryar nan. Ku gafarta mini.

Daga baya na daina fita. Na daina zuwa sujada. Ina kwance a ɗaki ina jin kabu-kabu na wucewa da masu zuwa aiki, ina jin haushin kowa, har da Allah.

Wata safiya Inna ta ɗauko farar rigar da na cusa ƙasan akwati za ta wanke. Ta shigo da makulli a tafin hannunta.

"Wanga na wa ne?"

Na gane makullin armuwar ne, na kau da kai.

"Rahila, wata bakwai kina roƙon Allah ya buɗe miki hanya, kayan mutane na aljihunki? Tashi mu yi addu'a."

Muka durƙusa a kan tabarma. Inna ta tuna mini inda Ubangiji ya koya mana mu fara shiryawa da wanda muka ɓata wa kafin mu kawo baiko. Na buɗe baki in ce a ba ni aiki kamar kullum, sai na kasa. Abin da ya fito kawai shi ne, "Yesu, ni ce mai laifi." Na yi kuka kamar yarinya.

Washegari na tafi wurin Majo. Na durƙusa, na ajiye makullin a teburinta. Ta daɗe tana kallonsa.

"Ba shi da amfani yanzu," in ji ta. "Sai da munka kira maƙeri ya fasa ƙofar armuwar. Ba wannan ne ciwona ba. Kin san kin bar mutum a ɗakin baya?"

Ƴan'uwa, wallahi na manta. Wata bakwai ina tunanin kaina, ban taɓa tuna Baba Illo ba.

Ba wanda ya san yana ciki, tunda ban rubuta ba, ban miƙa wa kowa ba. Ya zauna da ƙafa a buɗe har azahar. Da ya gaji ya ɗaure ta da rawaninsa ya tafi, bai sake dawowa ba. Maganin gida ya koma. Bayan wata uku aka yanke ƙafar a babban asibiti, ƙasa da gwiwa.

Majo ta sa hannu a takardar shaidar aikina. Ta ce, "Hakkinki ne, wata huɗu kinka yi aiki. Amma duk wanda ya kira ni zan faɗa mishi gaskiya. In kina so gaskiyar ta ƙaru da wani abu, tahi Jiratawa."

Na same shi zaune gindin wata bishiya a bakin lambunsa, sanduna biyu a gefe, rabin lambun ya bushe. Na tsaya a gabansa. Ya ƙura mini ido.

"Ɗiyata? Kin ce kina zuwa. Na yi ta jira." Ya gyara zama. "Na ce ko wani abu ne ya same ki a hanya. Lahiya dai ko?"

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na faɗa masa komai, ban rage ba. Da na gama ya ce, "Na yahe miki. Ki daina kuka, dubo mini wajen ga, har yanzu yana ruwa."

Na wanke hannuna na duba.

Yanzu Talata da Jumma'a ina Jiratawa ina wanke masa, ina rubuta komai a ƙaramin kaye in kai wa Majo ta gani. Dosiyena yana wuri biyu, ba wanda ya kira tukuna. Ƙafar Baba Illo ba za ta dawo ba, kuma zan tsufa da sanin haka.

Amma na gode wa Yesu da bai bar ni cikin ƙaryata ba. Halleluya! Ɗan'uwa, ƴar'uwa, in akwai wanda ka ce wa kana zuwa, ka dogara ga Ubangiji ka koma yau, tun yana da ƙafar da zai tare ka da ita.

Ku ci gaba da yi mini addu'a, wannan karon a kan gaskiya. Amin.